Jagorar Shirya Ziyarar Ɗalibai Daga Matamaye Zuwa Babban Birni

Ziyarar ilimi, wadda wasu ke kira ziyarar gani da ido, darasi ne da ake ɗaukowa daga cikin aji a kai shi inda abin da ake karantawa yake tsaye da kansa, kuma a nan ta sha bamban da yawon buɗe ido na mai neman hutu, domin shi ba wanda zai tambaye shi abin da ya koyo, alhali ɗalibi da malaminsa suna dawowa ne da bashin bayani a wuyansu. Ga makarantun Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, wannan bambanci yana da nauyi, saboda yawancin iyayen yara manoma ne da masu ƙaramin jari, kuɗin tafiyar kuwa daga rumbu ko daga uwar kuɗin sana'a ake ciro su, don haka tafiyar da ba a dawo da komai daga cikinta ba sai hotuna ta ci amanar waɗanda suka biya. Zaɓin gari da rana da mota da yawan wuraren tsayawa duk sun rataya ne ga tambaya guda, wadda ya kamata malamai su amsa wa kansu tun kafin yara su ji labarin tafiya: mene ne ake so ɗaliban nan su gane wanda allo da alli suka kasa fahimtar da su?

Manyan birane uku ne hankalin mutumin Matamaye ke kaiwa gare su. Na farko Zinder, wadda jama'a suka fi kira Damagaram da sunan masarautarta, tana da nisan kusan kilomita 90, ana zuwa a dawo a yini guda. Na biyu Yamai, babban birnin ƙasa, wadda ke can yamma da nisan kusan kilomita 900. Na uku Kano, wadda ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, amma akwai iyakar ƙasa a tsakani. Yara, da wasu malamai ma, sukan fi ɗokin Yamai saboda sunanta, sai dai makarantar da ba ta taɓa fita da ɗalibai ba gara ta fara da Damagaram, ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba, har don tarihin da ke cikin ganuwarta tarihin yaran ne da kansu, tun da ƙasar Kance na cikin yankunan da ikon sarakunan Damagaram ya kai gare su a ƙarni na 19. Yaron da ya fara sanin birnin jiharsa da kyau yana da ma'aunin da zai auna sauran birane da shi idan Allah ya kai shi.

Izini shi ne matakin da aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi jawo nadama idan wani abu ya faru. Malamin da ya kawo shawara yana rubuta ta a takarda ya miƙa wa daraktan makaranta, da bayanin manufa da ajin da za a ɗauka da rana da hanyar samun kuɗi, daga nan a kai ta gaban kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, wato taron wakilan iyaye da malamai da ɗalibai da ke sa ido kan dukiyar makaranta da tafiyar da ita. Idan kwamitin ya amince, darakta ya rubuta wa hukumar ilimi ta gunduma yana neman takardar izinin tafiya mai hatimi, wadda ke ɗauke da sunan makaranta da inda za a je da ranar fita da ta dawowa, a haɗa mata jerin sunayen yara da na manyan da ke rakiya. Yana da kyau a sanar da ofishin shugaban gunduma da na magajin gari da jandarmomi, domin su ne suka san halin hanya a wannan mako, kuma motar da ke ɗauke da takarda mai hatimi ba ta daɗewa a shingen bincike. Ana yin kofi uku na jerin sunayen, ɗaya a hannun shugaban tafiya, ɗaya a wurin mataimakinsa, ɗaya kuma ya zauna a makaranta wurin wanda bai tafi ba.

Yardar iyaye ba ta samuwa ta hanyar takardar da aka ba yaro ya kai gida, musamman inda iyaye da yawa ba su karanta Faransanci. Abin da ya dace shi ne a kira taro a farfajiyar makaranta, a yi bayani da Hausa dalla-dalla, a faɗi sunayen malaman da za su raka yara, da lokacin tashi da na dawowa, da abin da kowa zai biya da abin da za a yi da shi, sannan uba ko waliyyi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu. A wurin wannan taro ne ake yanke makomar ƴan mata a tafiyar, domin uban da zai bar ɗansa namiji ya tafi ba tare da tambaya ba yakan yi shiru idan aka zo kan ɗiyarsa, shirun nan kuwa ƙi ne. Maganinsa ba lacca ba ce, tsari ne da ido zai gani: malama mace aƙalla guda, da uwa ɗaya ko biyu daga ƙungiyar iyaye mata masu tallafa wa karatun yara, waɗanda mutanen unguwa suka san su suka yarda da su, da wurin zama na mata dabam a cikin mota, da alkawarin dawowa kafin magariba wanda za a cika. Tafiyar da aka cika mota da maza aka bar mata a gida ta koyar da darasin da ba shi aka yi niyya ba, a yankin da ƴan mata da yawa ke barin karatu kafin su kai jarrabawar BEPC, wato ta ƙarshen kwaleji, kuma wataƙila yarinyar da aka bari ita ce ta fi kowa bukatar ganin ɗaliba mace tana fitowa daga ɗakin karatu na jami'a da littattafai a hannu.

Shekarar karatu a Nijar tana farawa a Oktoba ta ƙare wajen Yuni, amma ba duk watanninta suka dace da tafiya ba. A Oktoba da farkon Nuwamba ana cikin kaka, yara da yawa suna gona, zazzaɓin cizon sauro bai gama sauka ba. Daga Afrilu zuwa Mayu zafin bazara yakan haura maki 40, yaro ba ya iya tsayuwa a rana ya saurari bayani, ga kuma jarrabawa ta matso. Tsakanin Disamba da Fabrairu ne lokacin da ya fi, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, akwai ɗan abin hannu, iska kuma ta yi sanyi, ko da yake hazon hunturu yakan rage gani a hanya da safe, abin da ya sa ba a matsa wa direba ya yi gudu don cika lokaci. Ana kauce wa watan azumi da makon salla. Ana kuma tambayar likitan gari ko akwai labarin sanƙarau ko ƙyanda a inda za a je, tun da rani ne lokacinsu kuma jihar Damagaram ta sha fama da sanƙarau a shekarun baya-bayan nan. Game da ranar mako, Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Damagaram, kuma wanda darasinsa ya shafi ciniki zai so ta, amma shiga cunkoson kasuwar Dole da yara 50 aiki ne da ba kowane malami zai iya ba. Juma'a rabin yini ce saboda masallaci, Asabar da Lahadi kuwa ofisoshi a rufe suke, don haka Talata ko Laraba ta fi kwanciyar hankali, muddin ba ta faɗo a ranar da motocin gari suka tafi cin wata kasuwa ba.

Lissafin kuɗi ana yin sa ne a rubuce, a kan allo, a gaban kwamiti. Manyan ƙofofin kashewa su ne hayar mota da mai, abinci da ruwa, kuɗin shiga wuraren da ake biya, ɗan alheri ga masu yi wa baƙi bayani, akwatin magani, da katin waya, sannan a ɗora kashi ɗaya cikin goma na jimlar a ajiye don abin da ba a zata ba, kamar fashewar taya ko kai yaro asibiti. Akwai wani tarko ƙarami da ke haddasa rigima, shi ne bambancin ƙirgar baki da ta takarda: mutanen kasuwa suna ƙirga sefa da dala, wadda take faran 5, da jika, wadda take faran 1000 ko dala 200, malami kuwa yana rubuta faran, saboda haka idan aka ce ɗari biyar wani uba zai ji dala 500, wato faran 2500, alhali faran 500 ake nufi. Ya kamata a faɗi kowane adadi ta fuska biyu, a rubuta shi ta fuska biyu. Ma'aji ya zama mutum dabam da shugaban tafiya, yana ba da rasit ga duk wanda ya biya, kuma a ba iyaye damar biya kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce kada a bar yaro a gida don ubansa ba shi da hali. Idan kuɗin iyaye kaɗai aka dogara da su, tafiyar za ta zama ta ƴaƴan ma'aikata da manyan ƴan kasuwa, a dawo aji ya rabu biyu, masu labari da masu sauraro. Akwai hanyoyin cike giɓi da ba su zubar da mutuncin kowa: amfanin lambun makaranta inda akwai shi, gudummawar hatsi ko gyaɗa a madadin kuɗi, taimakon ofishin magajin gari, da ƴan asalin gari da ke zaune a Damagaram ko Yamai, waɗanda sau da yawa sun fi son ɗaukar nauyin abu takamaimai, kamar abincin rana ko man mota, a kan ba da kuɗi tsaba. Sunayen yaran da aka biya wa suna zama sirri tsakanin darakta da ma'aji. In kuwa duk da haka kuɗin ba su kai a ɗauki kowa ba, a rage nisan tafiya ko a ɗaga ta zuwa baɗi, kada a rage yara.

Mota ita ce wurin da araha ke kashe mutane. Babbar motar kaya mai buɗaɗɗen baya ba ta ɗaukar ɗalibai ko da kyauta aka ba da ita, ƙananan motocin tasha kuma, waɗanda aka saba cusa wa fasinja fiye da kujerunsu, ana hayar su ne da sharaɗi a rubuce cewa kowane yaro da kujerarsa kuma ba za a ɗauki fasinja ko kaya a hanya ba. Kwana biyu kafin tafiya wakilin kwamiti da wani makaniki da aka yarda da shi su je su ga motar da idonsu, su duba tayoyi har da ta ajiya, da birki da fitilu da ƙofofi, su ga lasisin direba da takardar inshora da ta binciken lafiyar mota, su tabbata kwanakinsu ba su ƙare ba. A zaɓi direba dattijo wanda aka san gidansa a gari, a gaya masa tun farko cewa malami guda zai zauna kusa da shi kuma yana da ikon cewa a rage gudu. Ana biyan rabin kuɗin haya kafin tashi, sauran bayan an dawo.

Zuwa da kai ya fi saƙo, saboda haka malami guda ya je Damagaram mako biyu ko uku kafin ranar, ya kai wasiƙu hannu da hannu zuwa fada da gidan tarihi na jiha da jami'a, ya karɓi sunan wanda zai tarbi ayari a kowane wuri da lambar wayarsa, ya taka da ƙafarsa duk inda yara za su taka yana duba agogo. Shi ne zai gano inda babbar mota za ta iya tsayawa, tun da lungunan unguwar Birni ba su ɗaukar ta, da inda akwai inuwa da makewayi, da makarantar da za ta ara wa baƙi aji biyu su ci abinci su yi sallar azahar. A wannan lokaci kuma ake shirya yara a aji: a zana taswirar hanya, a karanta tarihin da za a gani, a raba su rukuni-rukuni na mutum 8 zuwa 10, kowane rukuni da babba guda da tambayoyi uku ko huɗu nasa, a cikinsa da mai tambaya da mai rubutu da mai zane. Da yake masu bayani a fada da Hausa za su yi magana, a bar yara su rubuta da harshen da hannunsu ya fi sauri a cikinsa, ko da ajami ne, a mayar da shi Faransanci bayan an dawo. Hausa dai ita ce harshen ƙasa bisa kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025, kuma yaron da ya ji tarihi da harshen uwarsa ya fi riƙe shi.

Ana taruwa a makaranta bayan sallar asuba. Kowane yaro yana da lamba, an rubuta ta a kan ɗan kwali tare da sunan makaranta da lambar wayar malamai biyu, an huda kwalin an zura zare an rataya masa a wuya a cikin riga. Ƙirga ba ta kiran suna ba ce, wadda ke cin lokaci kuma wani ke amsa wa wani. Yara ne ke faɗin lambobinsu bi da bi, ɗaya, biyu, uku, inda aka ji shiru an san wanda babu, kuma ana yin haka duk lokacin da za a shiga mota ko aka fito daga wani wuri, ko da minti biyar aka tsaya. Ana gaya wa kowa abu guda game da ɓata: wanda ya duba bai ga ƴan uwansa ba ya tsaya cik inda yake, kada ya bi kowa, kada ya hau kabu-kabu ko adaidaita, ya nuna kwalinsa ga mai shago mafi kusa ko ɗan sanda.

Hanyar kanta darasi ce, kuma asara ce a bar yara su yi ta da barci ko waƙa kaɗai. Daga Matamaye ana bi ta Kance a fita Takeita, inda ake hawa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa, sannan a juya gabas. Kafin a shiga birni ana ratsa Tirmini, inda a 1899 dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa, shekara guda bayan kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, kuma daga wannan yaƙi ne birnin ya faɗa hannun Turawa. Tsayuwar minti goma a gefen hanya, nesa da kwalta, malamin tarihi ya nuna filin ya yi bayani, ta fi shafi biyar na littafi, domin yaran za su ga cewa abin ya faru ne a ƙasa irin tasu, mai gawo da gonakin gero, a kan hanyar da iyayensu ke bi zuwa kasuwa.

A cikin birni, wurare uku sun isa yini guda, na huɗu ƙari ne da ake yi in lokaci ya ba da dama. Mafi yawan ziyarce-ziyarcen da ba su haifar da komai ba sun lalace ne a nan, inda aka jera wurare takwas, yara suka yi ta hawa da sauka, suka dawo ba su iya bambanta abin da suka gani a wuri na biyu da na shida ba. Ana farawa da fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni tun da sanyin safiya. Ginin yana komawa ne ga tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, wanda a hannunsa masarautar ta kai ƙarfinta, ya kewaye gari da ganuwa, aka ƙera masa igwa a cikin birnin, ayarin raƙuma kuma suna kai da kawowa tsakaninsa da Agadas har Tarabulus. Fada gida ce mai rai, ba gidan tarihi ba, don haka sai an koya wa yara ladabinta tun a aji: tufafi masu kamala, cire takalmi inda aka ce a cire, durƙusawa a gaisuwa, barin dogari ya yi jagora, faɗin ranka ya daɗe idan aka yi magana da mai sarauta, da rashin ɗaukar hoto sai an nemi izini. Ba a zuwa hannu rabbana, kuma a lokacin sanyi babu gaisuwar da ta fi dacewa da mutanen Matamaye kamar damin rake daga fadamun Korama, abin da ƙasarsu ta shahara da shi.

Daga fada ana shiga lungunan Birni da ƙafa, a nan ne kuma ya kamata a ɓata lokaci ba tare da gaggawa ba. Akwai tsofaffin gidajen ƙasa masu zanko a kan kusurwa, wato ƙahon gini da ke tsaye a saman bango, da fuskar zaure mai zayyana da magina suka fitar da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Idan aka sami bango da ya zube, rukuni guda ya tsaya a kansa: yaro ya ɗauki tubali guda ya ga ba mai kusurwa huɗu ba ne irin bulo, mulmulalle ne mai faɗin gindi da tsinin kai, ya auna kaurin bangon da taƙi a ƙasa da sama ya ga yana sirancewa yayin da yake hawa, ya shiga zaure ya ji sanyin cikinsa ya kwatanta da ajinsu mai rufin kwano, ya ɗaga kai ya ƙirga azara, sannan ya tambayi mai gida game da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa gini don ya jure ruwan sama. Cikin rabin sa'a an taɓa lissafi da kimiyya da tarihi a jikin bango guda. A unguwar ne kuma ake nuna gidan da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ga kuma manyan duwatsun da garin ya kafu a tsakaninsu, da ragowar ganuwa. Malami ya bayyana yadda birnin ya kasu: Birni mazaunin sarauta, Zango masaukin fatake da Buzaye a da, da unguwar ofisoshi da ta taso a tsakaninsu lokacin da Zinder take hedikwatar mulkin Faransa a ƙasar, daga 1911 har aka mayar da ita Yamai a 1926.

Bayan azahar, wuri na uku ya danganta da shekarun yara. Ƴan firamare sun fi amfana da gidan tarihi na jiha ko wurin dukawa da majema, inda za su ga fata tun tana jiƙe har ta zama jaka. Ƴan kwaleji da lise a kai su Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihi ɗan garin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 kuma ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, a roƙi ɗalibai ƴan asalin gundumar Kance, mata da maza, su zauna da su a inuwa su amsa tambayoyi kan yadda suka kai nan. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana da nisan kusan kilomita 50 arewa da birni, kuma shigarta na bukatar izini na musamman, don haka tafiya ce mai zaman kanta ga ajin kimiyya, ba ƙari a kan wannan yini ba.

Damagaram gari ne da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, saboda haka ayari ya taho da nasa a jarkoki masu tsabta, na sha dabam na alwala dabam, kada a ɗora wa masu masauki nauyi. Guzuri ya zama abin da ba ya lalacewa da wuri, irin su burodi da ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gyaɗa, abincin rana kuma a yi odarsa tun da wuri daga hannu guda da malamin da ya share fage ya gani ya yarda da tsabtarsa. Fura da nono da aka dama tun asuba ba su kaiwa rana lafiya. Akwatin magani ya ƙunshi gishirin zawo da maganin zazzaɓi da auduga da bandeji da sabulu da ƙunzugun mata, da ledoji don masu amai a mota, waɗanda ake zaunar da su gaba kusa da taga. Malama ta riƙe takardar da ke nuna yaran da ke da asma ko sikila ko farfaɗiya da maganin kowannensu. Ana barin birni da an yi sallar la'asar komai daɗin abin da ake kallo, domin bayan faɗuwar rana hanyar ta zama ta amalanken shanu marasa fitila da dabbobin da ke komawa gida.

Tafiyar Yamai tana bin waɗannan ƙa'idoji duka, sai dai kowace ta ninka. Yini guda cur ake yi a mota ta Tasawa da Maraɗi da Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, don haka ba ta yiwuwa a ƙasa da kwana huɗu, kuma ta fi dacewa da manyan ɗalibai a lokacin hutu, cikin motar kamfanin sufuri mai tsari. Masauki mafi sauƙi shi ne ajujuwan wata makaranta da aka yi yarjejeniya da ita a rubuce, mata a gefe maza a gefe, kowa da tabarmarsa da gidan sauro saboda kusancin kogi. Ba a ɗaukar kuɗin tafiya duka a aljihu, ana tura wani kashi ta kamfanonin aika kuɗi a karɓa a can. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya cancanci yini guda shi kaɗai, da namun dajinsa da ƙasusuwan manyan halittun da suka shuɗe waɗanda aka haƙo a jihar Agadas, da ragowar itaciyar Tenere wadda mota ta kayar a 1973 bayan ta daɗe tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada. Ga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, tsayuwa a gefen kogin Isa kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, da ƙetarawa zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, abu ne da ba ya mantuwa, amma ba a sa ɗalibai cikin kwalekwale. Duk wata fita wajen birni, har da zuwa kallon raƙuman dawa a Kure, inda aka kai hari a Agustan 2020, sai da shawarar hukumomin tsaro ta wannan rana, ba ta bara ba.

Kano kuwa, ta hanyar Ɗan Barto da Daura, tana da dutsen Dala da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, kuma harshe ɗaya ne, amma fita da ƙananan yara daga ƙasa tana bukatar izinin hukuma mafi girma, da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa na kowa, da katin rigakafi, da canjin sefa zuwa naira. An rufe iyakar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufe ta a 2023 har cikin 2024, don haka ba a karɓar kuɗin iyaye kafin a tabbatar da halin da take ciki.

Idan mota ta dawo, a ƙofar makaranta take tsayawa, a yi ƙirga ta ƙarshe, a miƙa kowane yaro ga wanda ya zo ɗaukarsa, waɗanda ke ƙauyukan kewaye kuma an riga an shirya inda za su kwana. Cikin makon, tun abin yana sabo, kowane rukuni ya tsara amsoshin tambayoyinsa, a manna zane-zane da taswira a bangon aji, a gayyaci iyaye da ƙananan ajujuwa, yara su yi bayani da bakinsu da Hausa da Faransanci. A zaman ne ma'aji zai karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, da faran da dala, a yanke shawara kan ragowar. Ɗalibai su rubuta wasiƙun godiya da hannunsu zuwa fada da jami'a da makarantar da ta ba da masauki, darakta kuma ya haɗa kofin izini da lissafi da lambobin waya da lokutan da aka ɗauka tsakanin wuri da wuri, har da kurakuran da aka yi, a cikin fayil guda da zai zauna a ofis, domin ana yi wa malamai canjin wurin aiki, kuma mai shirya tafiyar baɗi wataƙila bai iso garin ba tukuna.